Kallon Ɗiyar Fari

…sai rana ta hau bisa katangar Malam Husaini, ba kafin nan ba. Ɗana Maniru ya ce rana ta kasance a bayana. To ga ni, ga bayana, ranar ce ba ta iso ba, ita kuwa ba a yi mata gaggawa. Bari in share gindin zogalen nan kafin mai ciwon ta fito. Wa ya zuba ruwan wanke-wanke a nan? Dije. Ba sai na tambaya ba. Matar Maniru ce, yarinyar kirki, amma hannunta ba ya jin magana — ka ce mata gabas, ruwa ya tafi yamma. Tabarma a nan. Matashi a jikin bango. Akwatin yana cikin ƙwarya, a lulluɓe da tsohon kallabina, inda nake ajiye shi kullum.

Ni da akwatin hoto. Ni Kaltume. Da bara wani ya faɗa mini haka, da na ce a kai shi a yi masa rubutu ya sha.

Ni ce fa na ƙone hoton Maniru. Yana makarantar Midil a Sakkwato aka jera su da gajeren wando kamar 'ya'yan Nasara, aka ɗauke su, ya kawo mini yana murna. A murhu na sa shi. Ya yi kuka, na ce yi, gara ka yi shi a nan da ka yi shi gobe kiyama. Mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto — haka na ji, haka na riƙe. Ban yi karatu mai nisa ba, na salla ne kawai, sai abin da kunne ya tsinta daga zauren Malam ta bisa katanga. Amma abin da na riƙe na riƙe shi. Kuma ban ce na yi kuskure ba. Wancan na alfahari ne. Wannan na magani ne.

Tana tari a ɗaki… ya tsaya. Tarin safe ne, busasshe, ba irin na bazara ba mai fitowa da kumfa. Alhamdu lillahi.

Ita. Ɗiyata ta fari.

Ko a cikin raina ba na kiran sunanta, balle a baki. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido da ido, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an san da shi. Kunya ce. Haka uwata ta yi da yayana, haka tata uwar ta yi. Wadda ta rungumi ɗan fari a tsakar gida ba ta sha tarbiyya ba, a bakin rijiya ma sai an yi da ita. Ni ba a taɓa yi da ni ba. Tana jaririya fuskata a bango nake ba ta nono. Aka yaye ta shekarar babbar yunwa, Altine ƙanwar ubanta ta zo daga Shagari a kan jaki, ta goya ta, suka tafi. Ina daka. Ban ɗaga kai ba, ban saki taɓarya ba. Matan gida suka ce kai, Kaltume akwai kunya, Kaltume ɗiyar mutunci… Dusa ce ma a turmin, ba gero ba. Har ta koma kamar toka ina dakanta.

A can ta girma, Altine take ce wa Inna. A can aka yi mata aure, ta haifi nata. Ni sai in je suna, in zauna a ɗakin baya, in ci tuwo, in dawo Boɗinga. Shekara arba'in da wani abu. Da an ce mini zana fuskarta a ƙasa — me zan zana? Na san tafiyarta. Na san diddigenta, da gefen zanenta, da wuyan hannunta in tana ajiye mini ƙwaryar ruwa. Iyakar abin da ido ke samu in yana ƙasa.

Da bazarar nan aka kawo ta. Haihuwar tsufa, bayan kowa ya ce ta gama, sai ga Safinatu, 'yar mitsitsiya da baki kamar na tsuntsu. An yi jego yadda ake yi: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, kwanciya bisa gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Kafin arba'in ƙafafu suka kumbura. Sai ciki. Sai fuska, in ji Dije. Ba ta iya kwanciya sai a zaune, numfashi kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi. Altine ta daɗe da rasuwa, wa zai yi jinya? Mijinta ya sa ta a motar kaya mai zuwa daga Jega, ya sauke ta a nan, ya tsuguna a zaure yana gaya wa bango, ni ina bayan bangon ina amsa wa ƙasa. Suruki ne, shi ma da tasa kunyar.

Diddigen nan da na sani… babu shi. Ya nutse. A danna da yatsa, rami ya zauna kamar a tuwo. Dije ce ta danna. Ni yatsan Dije nake kallo.

Maniru autana, malamin gona ne a En'e, hukumar sarki, shi ya kai ta asibitin Sakkwato. Likita Bature ya sa mata roba a ƙirji, ya saurara, ya ce zuciya ce ta gaji. Zuciya! Wa tasa ba ta gaji ba? Ya ba da ƙwayoyi farare ƙanana, ya ce ba gishiri, ba kanwa, ba wankan zafi, ba daka, ba ɗaukar tulu. Mai jego ba kanwa! Mu da kanwa muka tashi, ga mu. Ina yarinya Nasara suka biyo ta Shagari za su Sakkwato, a rumbu aka ɓoye mu, yau kuma su ne za su gaya mini abin da zan sa a miya… Amma na ce to. Wanda ya kai kansa wurin wanzami ba ya gardama da aska. Na kwashe gishirin gidan nan kaf na kai wa matar Malam. Kowa ya ci lami. Dije ta yi ta ɓata rai, na ce in mutum ɗaya ba zai ci ba, ba mai ci. Tukunya biyu a murhu ɗaya, wata rana ludayi zai ɓata hanya.

Hanyar ce ta kusa ƙarasa ta. Mota ta jijjiga ta zuwa, ta jijjiga ta dawowa, ta yi kwanaki ba ta san inda take ba. Maniru ya ce ba za a sake ba. Ran Lahadi sai ga shi a keke da baƙin akwati a rataye, wai ya saya wurin Baturen gonarsu da zai tafi gida. Wai likita ya yarda a riƙa ɗaukar hotonta, fuska da ƙafa, shi ya kai a wanke ya nuna masa, a ga ko kumburin na sauka, a ƙara ƙwaya ko a rage. Maniru yana can wurin aiki, baƙon namiji ba ya shigowa cikin gida, saura wa? Ya rataya wa Dije. Tana ta ƙyalƙyala dariya, akwatin na rawa a cikinta. Na fito daga madafa da muciya a hannu.

"Mi ne ne wanga?"

"Inna, aikin magani na."

"Hid da shi daga gidan ga."

"Ina hid da shi, Inna. Amma duba nan bisa, ga ɗan madubin ga. Ƙasa za ki duba, ba ita za ki duba ba."

Ɗan banza. Ya san abin da ya faɗa? Har yau ban sani ba ko ya sani.

Na karɓa don in jefar. Na sunkuya…

Ga ta.

Ƙarama, ba ta fi farcen babban yatsa ba. A zaune jikin bango, cikin haske, ƙafafu a miƙe. Kaina a sunkuye, idona a ƙasa, inda ya kamata idon uwar ɗan fari ya zauna. Duk wanda ya shigo cewa zai yi Kaltume na duba akwati. Ba wanda zai ce… Ga goshi. Ga hanci, duk da kumburin. Hancin uwata ne! Shekarun nan duka hancin uwata na yawo a Shagari ban sani ba. Miya ta kama a ranar, lami ga kuma ƙauri.

Na ce Dije ba ta iya riƙon kayan mutane ba, tukwanena nawa ta fasa? A bar shi a wurina.

Na aika an tambayi Malam Husaini ta bakin matarsa. Ya ce lalura ce, abin da aka yi don ceton rai ba laifi, sai dai kada a rataya a bango, kada a yi ado da shi. To. Ni ban rataya ba.

Maniru ya ce Juma'a-Juma'a kawai, wai abin da ake sawa a ciki, fim, tsada gare shi, kuma 'yan kaɗan yake ɗauka ya cika. Juma'a-Juma'a? Ƙwayar Bature kullum ake sha. Rubutun Malam kullum ake sha. Wane magani ne ake yi wa tsallake? Abin da za a yi a yi shi kullum, a kan lokacinsa, ko a bar shi. Ni haka na san aiki. Rana ta hau katanga, ta fito ta zauna. In tsaya inda na kafa dutse, in manna akwatin a cibiya, in ɗauke numfashi, in danna ɗan ƙarfen — ƙyas. In murɗa kunnen da ke gefe. Shi ke nan.

Sai dai ba na saurin dannawa. Don me zan yi sauri? Aikin gaggawa ba ya kyau.

Ba ma magana, ni da ita, ba mu saba ba. Safinatu muke aika, ita da ko wuyanta bai tsaya ba.

"Safinatu, gaya ma uwarki ta ɗaga haɓa."

"Safinatu, ce ma kakarki rana ta yi zahi."

"Ce mata wanda yag gaji da magani bai gaji da ciwo ba."

Sai Dije ta tuntsire da dariya a bakin murhu, in ce ke, rufe mini baki, aiki ake.

Tana da tabo a gira. A madubin yana dama, Maniru ya ce a jikinta hagu ne, akwatin juya abu yake. Yaushe ta ji ciwon? Faɗuwa ta yi? Wa ya ɗauke ta, wa ya hura mata? Altine, Allah ya jiƙanta… ban tambaya ba. Da wane baki? In kallabi ya zame akwai furfura a gaban goshi. Ɗiyata da furfura. In za ta yi dariya gefen bakinta ɗaya ke fara tafiya, sak ubanta, sai ta kamo shi ta mayar.

Lahadi ta zagayo, Maniru ya leƙa ɗan jan ramin da ke bayan akwatin, ya dafe kai.

"Inna! Kin cinye shi dut! Tun yaushe?"

"Wa yat tambaye ka? Sa wani."

Ya sa wani. Ya kawo waɗanda aka wanke, yana dariya har da hawaye — wannan ba kai, wannan ba ƙafa, wannan zogale ne kawai ya fito, wai zogalen lafiyarsa ƙalau in ji likita. Na duba ɗaya sau ɗaya. Takarda ce, launin toka, fuska a kumbure, a daskare. Ba ita ba ce. Tawa tana ƙifta ido, tana korar ƙuda. Na ce kwashe, kai wa mai su, kada su kwana a gidan nan.

Akwai safiyar da ta kasa fitowa. Farkon damina, hadari ya rufe gabas, ba rana ko kaɗan. Numfashinta har tsakar gida. Malam ya aiko da rubutu, Dije na kuka a bayan rumbu. Ni? Lokaci ya yi, na ɗauko akwatin, na tsaya a ƙofar ɗakin. Madubin baƙi ƙirin, ba a ganin komai. Na tsaya ina kallon baƙin nan. Na ce ya Allah, yanzu fa na fara… yanzu-yanzu na fara, kada ka — ban ƙarasa ba. Ba a ciniki da Allah. Na danna. Daga cikin duhun sai murya, da ƙyar, da ƙyar:

"Safinatu… ce ma kakarki… ba ta murɗa kunnen ba."

Na murɗa.

Daga ranar abin ya fara sauka. Ko ƙwaya, ko rubutu, ko lami, mai shi ya sani. Idon sawu ya fito. Yatsu suka rabu da juna. Kunci ya yi ta janyewa kamar ruwan fadama bayan damina, kullum sai in ga sabon wurin da jiya babu. Gero ya kai gwiwa a gona, Maniru ya kira ni zaure, ya ce likita ya gamsu, ba sauran buƙata, kuma fim ma ya ƙare a kanti. Ya buɗe bayan akwatin ya nuna mini. Wofi. Ɗan ɗaki baƙi, ko gizo-gizo babu.

"Ba kome ciki, Inna. In tahi da shi?"

"Ruhe. Bar shi nan."

"Ki yi mi da shi?"

"Ka ga ina tambayarka abin da kake yi da takardun En'e?"

Na ce kada ya gaya wa yayarsa, na ce Dije ma kada in ji. Ba ƙarya na yi ba. Ban ce mata akwai ba, ban ce babu ba. Washegari rana ta hau katanga, na shimfiɗa tabarma, ta fito. Wannan ma ya fi tsarki — akwatin da ba ya haifar da hoto, ina ruwan mala'iku da shi? Su shiga su fita yadda suka so.

Yau za ta tafi.

To, na faɗa. Tun asuba nake kewaya maganar kamar akuya a turke. Gero ya nuna a Shagari, yaranta na hannun dangin uba, mijin ya aiko yana nan tafe da hantsi. Daidai ne. Mace da ɗakinta, ba ni zan riƙe matar mutane ba. Jiya da kanta ta taka har bakin zaure ta dawo, ba ta dafa bango ba. Diddige ya dawo, da kaushinsa da fasonsa — ban taɓa murnar ganin faso ba sai bana. Na ƙulle ƙwayoyin a tsumma. Na aika wa mijin ta bakin Maniru: ba gishiri, ba kanwa, ba tulu, kuma haihuwa ta isa haka. Wannan ta ƙarshen Maniru ya ce bakinsa ba zai iya ba, na ce likita ne ya faɗa, kai isarwa ce taka. A can wa zai kwashe gishirin gida? Wa zai ji tarin safe ya san busasshe ne ko mai ruwa? Likita ya ce zuciyar da ta taɓa gajiya tana iya komawa… To. Allah na nan a Shagari kamar yadda yake a Boɗinga.

Ni dai na gode. Wallahi na gode. Masu dubiya su shigo su ce sannu da wahala, Inna, sannu da jinya, in ce yauwa. Wace wahala? Ban taɓa ƙoshi irin na daminar nan ba, da miyar lamin da komai.

Rana ta taɓa katanga.

Dije na ɗakin tana taya ta ɗaurin kaya. Muryar yarinyar nan ko a rijiya ka sa ta sai an ji a kasuwa.

"Yaya, hito a yi na bankwana. Ko da dai akwatin wohi na—"

"Ke! Yi shiru, tana tsakar gida."

"Ai kin daɗe da sani—"

"Na ce yi shiru."

Tsintsiya. Ina na ajiye tsintsiyar? Tana hannuna.

Ta sani. Dije… a'a, ba laifin Dije ba ne, ni ce na ba kaza ajiyar tsaba. Ta daɗe da sani. Tun yaushe? To me take fitowa yi? Mace da girmanta, uwar 'ya'ya, ta zauna a rana kullum a gaban akwatin wofi? Don kada ta kunyata ni… zai yiwu. Altine ta yi tarbiyya, ba a raina mata. Amma kwalli fa? Kwallin da take sawa kowace safiya kafin ta fito — likita ne zai ga kwalli?

Ga ta nan. Tafiyarta. Gefen zane, saƙi, na hanya. Ta zauna, ta miƙe ƙafa.

Ni ban ji komai ba. Ban san komai ba. Ƙwarya. Igiya a wuya. Dutsen na nan. Rana a baya, akwati a cibiya, sunkuya.

Ga ta… Fuskar ta koma tata. Kyakkyawa ce. A'uzu billahi — to, ba wanda ya ji.

Idon nan kuma. Kullum haka. Kullum sai na aika a ce ta dubi idon akwatin, ga shi nan a gaba, zagayayye, nan Maniru ya ce ake duba, kullum nata yana bisa. Na ɗauka taurin kai ne na gado. Na ɗauka zogale take kallo. Zogalen yana can gefe. A bayana rana ce kawai, wa ke kallon rana? To me ke bisa akwatin? Igiya. Ƙirjina. Sai…

Sai fuskar tsohuwar da ta sunkuya, wadda an san ba za ta ɗago ba.

La'ilaha illallahu.

Ita a zaune, ni a tsaye. Mai sunkuyo, ai fuskarsa a tafin hannun na zaune take. Ita ma ba ta taɓa… wa ya ba ta dama? Ɗan fari shi ma idonsa a ƙasa yake. Duk daminar nan ina cewa ni ce a ɓoye, ashe tsayuwa nake fuska a buɗe, ba motsi, numfashi a ɗauke, kamar wadda aka ce tsaya a ɗauke ki. Me ta gani? Bakin nan da ba haƙora? Ranar da na ce hayaƙin murhu ne ya shigar mini ido, ga murhun can bayan rumbu, wuta ma ba a hura ba…

Mota na kuka a bakin hanya. Wani na sallama a zaure. Dije ta fita amsawa, ba kowa a tsakar gidan sai mu.

In na danna an gama, ta tashi. In na ɗago… tsakaninmu bai fi tsawon tabarma biyu ba. Wuya ne kawai. Abin da na riƙe tun ina amarya, in sake shi yau, da tsufana? Kuma in na ɗago ita ta sunkuyar fa? Shi ke nan, ni babu, ita babu.

Yatsana na kan ƙarfen. Tana jira, ko ƙiftawa ba ta yi. An sake sallama a zaure.

Rana na cin bayana… bari dai. Bari kaɗan.